Fallen girafin ko man furosesa: wanne ya fi sanyaya kwamfuta?

"Assalamu alaikum. Malam, ina da kwamfutar tebur mai furosesa Ryzen 7 7700X da nake haɗa bidiyo da ita, sai kuma laftof da ta shekara uku a hannuna. Ta teburin, da zarar na ɗora mata aiki sai ta haura digiri 90. Laftof ɗin kuwa sau uku ke nan ina canza mata man furosesa. Takan yi sanyi wata biyu ko uku, daga nan ta koma gidan jiya, fanka na kuka kamar za ta tashi sama. To sai na ga ana tallar wani falle na girafin, wai girafin ya ninka jan ƙarfe sau goma wajen ɗaukar zafi, ba ya bushewa, kuma ba a canza shi. Shin in watsar da man gaba ɗaya in koma wa fallen a duka biyun?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambaya ɗaya ka yi, amma marasa lafiya biyu ka kawo mini, kuma ciwonsu ba iri ɗaya ba ne. Kana son sanin ko wannan siririn baƙin falle da ake shimfiɗawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya zai iya maye gurbin man da aka saba shafawa, kuma ko zai sauko maka da zafin injinan nan biyu. Zai iya maye gurbinsa, wannan gaskiya ne. Amma ta teburin ba za ta sauko daga 90 saboda falle ba, laftof ɗin kuma wataƙila wani abu na uku ne ya fi dacewa da ita. Kafin mu kai can sai mun fara duba aikin da ake so abin da ke tsakiyar nan ya yi, don a nan ne talla ke yi wa mutane rufa-rufa.

Idan ka ɗauki furosesa ka dubi murfin ƙarfen da ke kansa, ka juya ƙarfen sanyaya, wanda mu masu gyara ke ce wa hitsink, ka dubi gindinsa, za ka ga duka biyun sumul suke, wani ma har yana nuna fuska. Ido ne kawai ke gani haka. A ƙarƙashin madubin ƙara girma kowannensu cike yake da tudu da kwari, ga layukan da injin gogewa ya bari. Ka haɗa su ka ɗaure, kan tuddan ne kawai ke taɓa juna, sauran wurin duk iska ce ta maƙale. Iska kuwa ba ta da wani kirki wajen wuce da zafi. Ana auna wannan iyawar da wani ma'auni da ake rubutawa W/mK, kuma a kansa iska na da kusan 0.026, alminiyam ya haura 230, jan ƙarfe na wajen 400. Ka ga tazarar. Saboda haka aikin man furosesa guda ɗaya ne tak: ya kori iskar nan ya zauna a mazauninta. Shi kansa man ba gwani ba ne, ko kusa da ƙarfe bai kai ba. Man silikon ne aka cakuɗa da garin abubuwa irin su zink oksaid da alminiyam oksaid, kuma mafi yawansu ba su kai 10 a wannan ma'auni ba. Abin da ke cetonsa shi ne sirantaka. Idan aka ɗaure hitsink yadda ya kamata, man yakan matse ya koma kaurin da bai kai silin gashi ba, wajen kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari na milimita ɗaya.

Riƙe wannan maganar kauri, za mu dawo mata.

Lambar da ke jikin kwali

Abin da mai tallar ya gaya maka game da girafin ba ƙarya ba ce. Girafin shimfiɗa ɗaya ce ta ƙwayoyin kabon da suka jeru kamar saƙar zuma, kaurinta ƙwaya ɗaya rak. Andre Geim da Konstantin Novoselov ne suka fara ware ta a Jami'ar Manchester da ke Ingila a 2004, kuma da salatif suka ɓanɓaro ta daga jikin girafait, wato baƙin abin nan da ke cikin fensir. Aikin ya ba su kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2010. Da aka auna yadda zafi ke gudu a jikin irin wannan shimfiɗa a ɗakin gwaji, an samu lambobi daga wajen 3,000 har zuwa 5,000. To a nan "sau goma" ɗin ta samo asali.

Sai dai akwai abin da ba a faɗa maka ba. Zafin nan a kwance yake gudu, yana bin shimfiɗar daga wannan gefe zuwa wancan. Ka ɗauki littafi mai shafuka da yawa ka ajiye a tebur. Bin shafi ɗaya daga sama zuwa ƙasa abu ne mai sauƙi ga zafi, hanya ce ɗoɗar. Tsallakawa daga wannan shafi zuwa na bisansa kuwa wahala ce, domin abin da ya riƙe shafukan da juna ba shi da ƙarfi. A girafait mai tsari, gudun kwance na iya kai wajen 2,000, amma ratsawa ta cikin shafukan ba ta kai ko 10 ba. Mu kuma abin da muke buƙata ratsawar ce, daga furosesa a ƙasa zuwa hitsink a sama. Falle na girafait da aka shimfiɗa shafukansa a kwance, irin wanda ake liƙawa a bayan allon waya don ya baza zafi, ba shi da wani amfani a wannan gurbi.

Masu ƙera fallen furosesa sun san da haka, shi ya sa wasunsu ke tayar da shafukan tsaye. Kamar dai ka tara littattafai ka matse su, sannan ka yanko siririn yanki ta gefe, yadda kowane shafi zai tsaya da ƙafarsa, kansa na taɓa hitsink, gindinsa na taɓa furosesa. Dabara ce mai kyau, kuma ita ta sa fallen ke aiki. Amma da an yi haka, an bar zancen shimfiɗa ɗaya tsarkakakkiya ta ɗakin gwaji. An shiga zancen dubban gutsattsari da aka haɗa da wani abin riƙewa, kuma lambar ta faɗo ƙasa warwas. Fallen IC Graphite na kamfanin Innovation Cooling 35 aka rubuta masa. Carbonaut na Thermal Grizzly, wanda da zaren kabon aka yi shi, 62.5. Daga baya kamfanin ya fito da KryoSheet a 2023, wanda shi ne aka fi sani da sunan girafin. Dukkansu kaurinsu wajen milimita 0.2 ne.

Har yanzu za ka ce ai 35 ta fi 8.5 da aka rubuta wa man Arctic MX-4, ko 12.5 na Kryonaut. Haka ne. To mu yi lissafi kaɗan, ba mai wuya ba. Cikas ɗin da zafi ke fuskanta shi ne kauri a raba da wannan lamba. Mu ƙaddara man da ainihin ƙarfinsa 5 ne, ya matse zuwa milimita 0.03. Ka raba, ka samu 0.006. Mu ɗauki falle mai 35 da kaurin 0.2. Ka raba, ka samu 0.0057. Kunnen doki. Fallen ya ninka man sau bakwai a iya wuce da zafi, man kuma ya ninka shi kusan sau bakwai a sirantaka, sai aka tashi babu wanda ya ci wani.

Kuma lissafin bai ƙare a nan ba, domin akwai abin da bai shiga ciki ba. Man ruwa-ruwa ne, yana malala ya shiga kowane ɗan kwari. Falle busasshe ne, sai an danne shi da ƙarfi kafin ya lanƙwasa ya bi siffar ƙarfen, kuma ko an danne ba ya cike ko'ina. Saboda haka a samansa da ƙasansa akwai ɗan cikas na haɗuwa da ake ƙarawa. Wannan ne dalilin da ya sa, a kan furosesa mai murfin ƙarfe, sabon man kirki da aka shafa daidai yakan ɗan fi falle sanyi a ranar farko. A teburina abin da na saba gani digiri ɗaya ne zuwa uku, wani lokacin ma bambancin bai kai a yi magana a kansa ba. Tsofaffin fallayen girafait sun fi ja baya, sababbin na girafin sun matso kusa sosai.

Wani abu kuma game da lambobin nan na jikin kwali: kada ka ɗauke su kamar an saukar da su daga sama. Kowane kamfani da yadda yake aunawa, kuma babu mai tilasta musu hanya ɗaya. Kamfanin Noctua ba ya ma rubuta wa mayukansa wannan lamba, Arctic shi ma ya daina a sababbin nasa. Ni ban ga laifinsu ba.

Inda man ke gazawa

Da a ce labarin ranar farko ne kawai, da mun rufe magana. Amma kai kanka ka faɗi matsalar: wata biyu, wata uku, sai zafi ya dawo. Mutane kan ce man ya bushe. Wani lokaci haka ne, musamman mai araha da aka bari shekaru, ruwan jikinsa ya rabu da garin, ka buɗe ka tarar da shi kamar busasshen tabo yana farfashewa. Amma a laftof irin taka, abin da na fi zargi daban ne, kuma da na ga cikinta zan gane.

A kwamfutar tebur, ƙwayar silikon, wato ainihin abin da ke yin lissafin, na ɓoye ƙarƙashin murfin jan ƙarfe mai faɗi, man kuma a kan murfin ake shafa shi. A laftof da katin hoto, wato katin da ke zana abin da kake gani a allo, babu murfi, hitsink kai tsaye yake zaune a kan ƙwayar, wadda ke sheƙi kamar gilashi. Silikon da jan ƙarfe ba sa buɗewa daidai da juna idan sun ji zafi. Jan ƙarfe na miƙewa fiye da silikon wajen sau shida. Duk lokacin da ka buɗe wani aiki mai nauyi zafi ya tashi daga 45 zuwa 90, sannan ka rufe ya sauko, fuskokin biyu na ɗan motsawa suna lanƙwasa kaɗan, su matse su saki. A rana ɗaya hakan na iya faruwa sau ɗari. Kowane zagaye yana tura ɗan man zuwa gefe, kuma wanda ya fita ba ya komawa. Sannu a hankali sai tsakiyar ƙwayar, daidai inda ya fi zafi, ta zama fayau.

Alamar a bayyane take. Ka ɗaga hitsink ka ga man ya taru a bakin ƙwayar kamar ganuwa, har yanzu da laushinsa, tsakiya kuma sai wasu siraran jijiyoyi kamar rassan bishiya da ƙarfe tsirara a tsakaninsu. Idan haka ka gani a karo ukun nan, to man bai bushe ba, tsere ya yi. Kuma abin haushin shi ne, mayukan da suka fi daɗin shafawa, masu ruwa-ruwa, su ne suka fi saurin gudu. Akwai masu tsada da aka yi don masu gasar tura furosesa iyakar ƙarfinsa na 'yan sa'o'i, suna ba da lamba mai kyau yau, bayan wata biyu a laftof sai ka neme su ka rasa.

A nan ne falle ke da bakin magana. Ba shi da ruwan da zai bushe, ba shi da inda zai malala. Yadda ka same shi a makon farko haka za ka same shi bayan shekaru, muddin ba a taɓa ɗaurin ba. Digiri biyun da man ya fi shi da su a farko, idan man ya gudu sai su zama digiri goma ko fiye a wajen falle. Kamfanoni ma sun gwada wannan hanya: katin hoto na Radeon VII da kamfanin AMD ya fitar a 2019 da fallen girafait ya zo daga masana'anta, ba da man ba.

Akwai wata fa'ida ƙarama da sai wanda ya taɓa shan wahalarta ke yabawa. A tsofaffin furosesan AMD masu ƙafafu, na soket AM4, man da ya daɗe yakan kama kamar gam. Ka zo ɗaga hitsink sai ya fizgo furosesan daga mazauninsa, ƙafafu su lanƙwashe. Na sha zama da allura da madubi ina miƙe su ɗaya bayan ɗaya. Da falle babu wannan, hitsink ɗagowa yake yi salin-alin, kuma babu goge-goge.

Inda fallen ke ba da kunya

Abu na farko da ya kamata ya tsaya maka a rai: fallen girafin na wuce da wutar lantarki. Kabon ne. Mafi yawan mayukan yau ba sa wuce da wuta, ko sun zuba a gefe ƙazanta ce kawai. Falle kuwa idan ya leƙo ya taɓa 'yan ƙananan kafasitocin da ke kewaye da ƙwayar, ko wani ɗan ɓarɓashinsa ya faɗa cikin soket, shot ne, wato wuta ta bi inda bai kamata ba, kuma shot a wannan wuri na iya kashe furosesan ko bod, babban farantin da ake dasa shi a kai. Naka Ryzen 7000 ɗin ma murfinsa na da yanke-yanke a gefuna inda kafasitoci ke waje, don haka ba wurin da za a bar falle ya yi saura ba ne.

An taɓa kawo mini katin hoto da mai shi ya sa wa falle da kansa. Ya yanka shi ya fi ƙwayar faɗi da kamar milimita biyu ta kowane gefe, wai don ya tabbata ya rufe ko'ina. Da ya ɗaure, gefen ya lanƙwasa ya kwanta a kan layin kafasitocin. Ya kunna, fanka ta juya sau ɗaya ta tsaya, allo baƙi. Da na buɗe na ɗaga fallen da ɗan hantsaki, ga sawun kafasitoci huɗu sun fito a jikinsa ɓaro-ɓaro kamar an buga hatimi. Allah Ya taimake shi na'urar ba da wuta ta yanke da wuri. Na share wurin, na bi da iska, katin ya tashi. Ba kowa ke samun wannan sa'ar ba.

Na biyu, fallen na son matsi. Ka tuna shafukan da aka tayar tsaye, sai an danne su sosai kafin kawunansu su zauna a jikin ƙarfe. Hitsink na kwamfutar tebur mai sukurori huɗu da sifirin yana ba da wannan matsi. Na laftof sau da yawa ɗan siririn faranti ne da ƙananan sukurori uku ko huɗu, an ƙera shi da tunanin man da ba ya buƙatar danniya. Ga kuma wata matsalar: a yawancin laftof, bututun jan ƙarfe ɗaya ne ya bi ta kan furosesa da ƙwayar hoto da ƙananan sassan da ke gefensu. Ka cusa abu mai kaurin milimita 0.2 a wuri ɗaya, ka ɗaga farantin kaɗan, wani wurin ya daina taɓawa yadda ya kamata. Na ga laftof da furosesanta ya yi daidai bayan an sa falle, amma ƙwayar hoton ta ƙara zafi. Na kuma ga wadda aka sa wa komai ya zauna lafiya. Ya danganta da ƙirar, kuma ba a sanin ta sai an gwada.

Na uku, maganar da wasu masu talla ke yi cewa "ana sake amfani da shi". A takarda haka ne ga wasu fallayen. A hannu kuwa, fallen girafin abu ne mai rauni ƙwarai, ya fi takardar da ta jiƙe saurin yagewa, ga santsi, numfashinka ma na iya gusar da shi daga inda ka ajiye. Da an danne shi sau ɗaya ya ɗauki siffar wannan furosesa da wannan hitsink. Ka ɗaga ka mayar, ba lalle ya koma daidai sawunsa ba, kuma sau da yawa wani yanki kan manne a sama wani a ƙasa ya rabu biyu. Na zaren kabon da na girafait sun fi jure ɗagawa, amma su ma kowane zagaye na rage musu wani abu. Ni ina ɗaukar na girafin a matsayin abin da ake sawa sau ɗaya a manta da shi.

Kada kuma a haɗa shi da man, wai don a samu alherin duka biyun. An ƙara kauri ne kawai da wuraren haɗuwa. Haka nan kada a ninka falle biyu. Sannan kada ka rikita shi da kauraran fallayen nan masu laushi kamar roba, na milimita ɗaya ko biyu, da ake ɗorawa a kan ƙwayoyin ma'adana da sassan wuta na katin hoto. Waɗancan cike gibi ne aikinsu, a kan furosesa ba su da wuri, shi ma na girafin ba shi da wuri a gurbinsu.

Abu na uku da ba ka tambaya ba

Akwai wani abu da ke tsakanin man da falle, wanda aka fi sani da PTM7950 na kamfanin Honeywell, wasu kamfanonin ma na sayar da irinsa da sunayensu. A sanyi falle ne mai launin toka da za ka yanka ka ɗora. Idan zafi ya kai wajen digiri 45 sai ya yi laushi ya malala kamar man, ya cike kwaruruka ya sirance, idan ya huce ya sake daskarewa a inda yake. Wannan daskarewar ce ke hana shi tserewa gefe. Ba ya wuce da wutar lantarki, ba ya neman matsi mai yawa, kuma yakan ƙara kyau bayan kwanakin farko, idan ya sha zafi da sanyi sau da dama ya zauna. Wahalarsa ɗaya ce, ɓare ledar da ke jikinsa ba tare da ya yage ba. Sanya shi a firji na ɗan lokaci kafin a yanka yana taimakawa. Sai kuma a kula da na jabu, don ya yi suna.

Ruwan ƙarfe, wanda ake yi da galiyam, ya fi su duka sanyaya ƙwaya tsirara, shi ne ma Sony ya sa a PlayStation 5. Amma yana wuce da wuta, yana gudu, kuma yana cinye alminiyam. Ba na ba wanda bai saba ba shawararsa, musamman a na'urar da ake sawa a jaka ana yawo da ita.

To, injinanka biyu

Ta teburin tukuna. Digiri 90 da kake gani a 7700X ba alamar ciwo ba ce. AMD ya ƙera jerin Ryzen 7000, da suka fito a 2022, su riƙa ƙara gudu har sai sun kai 95 ko sun cinye wutar da aka yarje musu, duk wanda ya riga zuwa. Ƙwayar da ke yin lissafin ƙarama ce ƙwarai, wajen milimita murabba'i 70, ga murfin da aka yi mai kauri don tsofaffin hitsink na AM4 su ci gaba da shiga. Yawancin cikas ɗin a can ciki yake, ƙasa da inda kake shafa man. Duk abin da ka sa a sama, ko man ko falle, digiri kaɗan zai taɓa, kuma furosesan na iya cinye wannan ragin ya mayar da shi ƙarin gudu, ka sake ganin lambarka ta dā. Idan lambar ce ke damunka, ko kukan fanka, shiga saitin bod ka kunna Eco Mode, wanda ke sauko da shi daga ajin wat 105 zuwa 65. Zafi zai faɗi sosai, aikin haɗa bidiyonka kuma kaɗan zai ragu. Wannan ya fi kowane falle tasiri, kuma ba sai ka kwance sukuru ko ɗaya ba. Idan man da ke ciki bai wuce shekara biyu ko uku ba kuma na kirki ne, bar shi. Idan kuma kai mutum ne da ba ya son sake buɗe inji har sai ya tsufa, sa fallen, ba za ka yi asarar da za ka ji a jikinka ba.

Laftof kuwa, fara da abin da ya fi sauƙi. Cire fanka ka duba tsakaninta da haƙoran hitsink. Sau da yawa akwai wani dunƙulen ƙura da ya zama kamar auduga ya toshe hanyar iska, wanda ba a ganinsa daga waje. Idan wurin a share yake kuma ka ga alamar tserewar man da na kwatanta, zaɓina na farko shi ne mai narkewar nan. Na biyu, man mai kauri da tauri, irin wanda ke wahalar shafawa. Fallen girafin shi ne na uku, kuma sai idan hitsink ɗin na da ɗauri mai ƙarfi da sifirin. Ban ga laftof ɗinka ba, kuma ba ka faɗi ƙirarta ba, don haka wannan jeri ne na abin da ya fi yawan yin aiki a hannuna, ba hukunci a kan taka ba. Awon da nake yi ma na teburin gyara ne, da manhaja da ma'aunin zafin ɗaki. Bambancin digiri ɗaya a irin wannan awo ba abin rantsuwa ba ne, sake ɗaure hitsink kawai na iya kawo shi.

Idan ka yanke shawarar sa fallen, ga yadda nake yi. Ina goge fuskokin biyu da sifirit na isofurofil har sai ƙyallen ya fito fari, in bari su bushe. Ina auna wurin, in yanka fallen da almakashi mai kaifi nesa da bod, don kada ɓarɓashi ya faɗa ciki. A kan ƙwaya tsirara dole ya rufe ta duka har kusurwoyi, domin kusurwar da aka bari ba ta da murfin da zai kwashe mata zafi, amma kada ya wuce ta da abin da zai iya lanƙwasawa. Kafasitocin da ke kewaye ina rufe su da salatif mai jure zafi, ruwan ɗorawan nan da ake kira Kapton. Ina kwantar da injin yadda furosesan zai kalli sama, in ɗora fallen da hantsaki, in sauke hitsink a miƙe ba tare da murzawa ba. Sukurori kuma a gicciye, wannan kusurwa sannan mai fuskantarta, juyi ɗaya-ɗaya, har su kai ƙarshe.

Kafin ka taɓa komai, ɗauki awo. Buɗe HWiNFO, manhajar da ke nuna zafi da wuta, ka saki Cinebench, mai ɗora wa furosesa aiki ta ba shi maki, na minti goma, ka rubuta abu huɗu: zafin ɗakin, zafin furosesa, wat nawa yake ja, da makin da ya samu. Bayan canji ka maimaita, ka cire zafin ɗaki daga na furosesa kafin ka kwatanta. Dubi kuma tazarar da ke tsakanin sassan furosesan, idan wani ya fi wani da digiri goma sha biyar ko fiye a aiki ɗaya, zaman bai yi daidai ba, sai a sake. A laftof ɗin ka ƙara yin awon bayan wata uku, daidai lokacin da ta saba komawa gidan jiya. Idan ka samu dama, turo mini lambobin da hoton yadda ka tarar da tsohon man a kan ƙwayar kafin ka goge shi.